Tulun da Ya Kai Muryar Yaya Sale Doguwa

Bebeji

Ƙarfe shida saura kwata, da idar da sallar asuba, na tayar da mota daga Bebeji. A aljihun rigata akwai kaset ɗin da wani alhaji ya kawo daga Makka, saƙon Yaya Sale zuwa ga mahaifiyarsa, Gwaggo Hansai, ƙanwar babana da ke can ƙasar Doguwa. Shekara bakwai rabonta da jin muryarsa, ga kunnenta ya yi nauyi. Wanda ya aiko a baya, wata rikoda mai walƙiya ce ta cinye zarensa tun kafin ya gama sallama. Tun daga ranar Gwaggo ta tsaya a kan cewa ɗanta ya rasu, ɓoye mata muke yi.

Na yi niyyar wannan karon a rediyon motata za ta ji shi. Rediyon da motar ta zo da shi ne daga kamfani, bai taɓa cin kaset ba. Aibinsa ɗaya, lasifikar ta yage, kowa ya yi magana a ciki sai ka ce mura yake yi.

Kiru

Wajen ƙarfe shida da rabi na isa Kiru. Na karya da koko da ƙosai, na zauna jiran Malam Iro mai gyaran rediyo ya buɗe rumfa. Da zuwansa ya zaro wani sabon rediyo mai fitilu ja da kore.

"Malam, cire tsohon nan mu sa maka na zamani. Naira ɗari huɗu."

"Ko kyauta ne ba na so. Murya kawai za ka ƙara wa nawa."

Ya dube ni kamar zai yi gardama, sai na gaya masa labarin Gwaggo. Ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a sifirit, ya goge ɗan ƙarfen da zaren kaset ke bi ta kansa, audugar ta fito baƙa ƙirin. Sannan ya shiga ƙuryar rumfa ya fito da wata babbar lasifika da ya ciro daga mataccen garmaho. Ya ja mata doguwar waya daga bayan rediyon, ya karɓi naira talatin da biyar. Muka gwada da wani kaset ɗinsa. Muryar ta fito tas, amma siririya ce.

"Tsirara take," in ji shi. "Sai ta sami cikin da zai ba ta kauri. Akwatin katako zai ci maka kwana biyu. In ka isa Ƙafin Maiyaki, nemi tulu."

Ƙafin Maiyaki

Ƙarfe goma na tsaya wajen masu tukwane. Na bi tuluna ina kifa lasifikar a bakin kowanne, tsohuwar mai kayan tana kallona.

"Ɗan nan, ruwa za ka zuba ko murfi kake wa aure?"

"Magana zan zuba, Iya."

Na bakwai ne ya yi daidai, naira uku. Na yanka tsohon tub na taya, na ɗaure lasifikar tam a bakinsa, na kunna labarai. Jama'a, sai ga murya ta fito da kauri, har ƙirjina na ji tana bugawa. Iya ta ja baya tana salati. Ni kuwa na san aikina ya yi.

Hanyar Tudun Wada

Na zaunar da tulun a kujerar gaba, na tokare shi da buhun dusa. Bayan Kwanar Ɗangora na tarar da shingen 'yan sanda.

"Mene ne a tulun? Zuma ce?" in ji ɗayansu.

"Yallaɓai, saurara ka ji."

Na murɗa rediyo. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka ɗaga mini katako. A Tudun Wada na yi azahar, na ci shinkafa da wake, na cika tanki. Daga nan sai dajin Falgore, inda na riƙa lallaɓa ramuka da hannu ɗaya a wuyan tulu. Kaset ɗin Yaya kuwa ban yarda na gwada shi ba ko sau ɗaya.

Doguwa

La'asar sakaliya na tsaya a ƙofar gida. Aka fito da Gwaggo, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mota. Na sauke tulun gabanta.

"Kun zo da wata ƙaryar ko?"

"Gwaggo, sa kunnenki nan."

Na tura kaset. Ya yi shuuu, sannan: "Salamu alaikum. Inna, ni ne Sale."

Ta rungume tulun da hannu biyu. "Alaikas salamu. Sale! Ina gajiya?" Duk gaisuwar da ya yi sai ta amsa. Da ya yi ɗan tari ta ce, "Har yau bai bar shan ruwan sanyi ba." Matan gida na kuka, ni ma na juya baya na share hawayena.

Da kaset ya ƙare, ta sa baki a lasifikar ta shiga ba shi labari: wanda ya haihu, wanda ya rasu, rufin ɗakinta da ke yoyo, da cewa ta yafe masa daɗewar. Ta ɗago ta ce, "To, ka kai masa."

Rediyon mota ba ya ɗaukar magana. Na buɗe baki zan faɗa, na kasa. Na ce, "Zai ji, Gwaggo."

Komawa

Na kwana, da hantsi na kamo hanya ba tare da na kunna komai ba, ina ta maimaita maganarta don kada ko ɗaya ta zube. Ƙarfe biyu na shiga Bebeji. Ban cire takalmi ba sai da na rubuta ta duka, shafi uku, yadda ta faɗa, na kai wa wani mai tafiya Makka aikin Umara.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Iro da Iya mai tukwane. Yaya Sale ya sami takardar. Wanda ya kai ta ya ce a tsaye ya fara karantawa, da ya zo wajen yafiyar sai ya zauna a ƙasa.