Addu'ar da Alhaji ya soke da jan bik

Ina tsaye ƙofar meri, ofishin magajin gari, Alhaji shugaban kwamitinmu na manoma ya karɓi takardata yana bi layi-layi da jan alƙalamin bik, sai ka ce mushe, malamin makaranta, na gyaran jarabawa. Addu'ar buɗe taro ce ya sa in rubuta, za mu zauna da makiyaya kan burtalin shanu da gonaki suka cinye wajen Tabla.

Da ya kai inda na ce "Allah Ka tsare mu da noma abin da ba namu ba", sai ya ja layi.

"Malam, wanga hwa a cire shi."

"Don mi, Alhaji? Ban ambaci sunan kowa ba."

"Ba ka ambata ba, amma kowa ni za shi duba. Roƙa muna ruwa da zaman lahiya, shi ke nan."

Duk garin an san geron wa ke tsaye tsakiyar burtalin nan.

Da aka zauna, na karanta addu'ata yadda na rubuta ta. Makiyaya suka ɗaga murya da amin, Alhaji kuwa tari ya kama shi daidai wurin, ya duƙa yana laluben takalmi.

Tun ranar ba su sake kirana ba. Yanzu surukinsa ke buɗe taro, yana roƙa wa shugabanni tsawon rai.

Jama'a, mutumin da ke tsoron amin, mi za ku kira shi? Ina saurarenku.