Gawon da na kusa rantsewa a kansa

Ko me zan manta a duniya, ranar Juma'ar da na tona rami a tsakiyar gerona, rabin gari na tsaye a kaina, ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, furfura ta cinye gemu, amma har yau in na bi ta bakin gonar nan sai in ce Alhamdu lillahi.

Ni manomi ne a wani ƙauye cikin karkarar Gidan Sori. Wanda ya san ni ya san ni da abu biyu, noma da zafin kai. Matata takan ce in aka ji gari shiru ba gardama, to barci nake yi. Gonarmu ta gado tana kan jigawa, gabas da gari, kuma ta gefenta burtali ya bi, wato hanyar da aka bar wa dabbobi tun kaka da kakanni su gangara tabki da damina ba tare da sun taɓa shukar kowa ba. Tun ina ƙarami mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake nuna mini wani gawo a bakin gonar yana cewa, "Nan ƙasarmu ta tsaya. Daga gawon nan zuwa can ta dabbobi ce, ko taki ɗaya kar ka shiga." A gindin gawon yake kafa rumfarsa, a nan yake ɗaure jakinsa, a nan muke shan fura.

Da na tasa sai na tafi ci-rani Najeriya da niyyar wata shida, na ɓige da shekara goma sha biyu. Rasuwar tsohon ce ta maido ni. Ƙannena da suka riƙe gonar suka sakar mini ita, kowa ya kama gabansa. Ranar da na fara zuwa, na ga gawo yana nan, sai dai ya yi mini ƙanƙanta. Ban damu ba, don komai na gida ya ƙanƙance a idona. Ɗakin innata da nake ganinsa kamar fada, yanzu sai na sunkuya nake shiga. Tabkin da muke tsoron zurfinsa ya koma mini kamar kwatami. Na ce to haka gawo ma. Ɗan filin da ya rage tsakanin shuka da gindinsa kuwa, a hankali na cike shi.

A nan sai in tona mana asiri, mu masu gona a bakin burtali. Ƙasar burtali ta sha taki, gero yana yi mata kyau fiye da ko'ina. Ranar shuka, in mutum ya saɓa sungumi ya iso iyaka, sai ya ƙara layi ɗaya a ciki, ya ce layi ɗaya ai ba wani abu ba ne. Baɗi ya ƙara wani. Maƙwabcinsa na can gefe shi ma haka. Ba mai yi wa wani magana, don kowa ya san abin da ya ci. Shi ya sa ban tambayi kowa ba, kuma ba wanda ya ce mini uffan.

Akwai wani makiyayi Bafulatani sa'ana, rugarsu tana bayan gari. Tare muka tashi, iyayenmu ma abokai ne. Bayan girbi shanunsu a gonarmu suke kwana su bar mana taki, nonon rugarsu kuma bai taɓa yankewa a gidanmu ba. To wata damina, gero ya kai gwiwa, sai garkensa ya zo wucewa ta daidai gonata, hanya ta yi musu kaɗan, suka faɗa cikin shuka suka yi mata kaca-kaca. Na iso ina huci. Abin da bakina ya faɗa ranar, ba zan maimaita shi a nan ba.

Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Aboki, shanuna ba su shiga gonarka ba. Gonarka ce ta shigo hanyarsu."

Kai, kamar ya watsa mini barkono! Na ce masa maƙaryaci a gaban mutane, na ja shi sai zauren maigari. Maigari ya yi ta lallashi, dattawa suka sa baki, na ƙi ji. Na ce ga gawo can tsaye, ubana da bakinsa ya ce shi ne iyaka, kuma in ana shakka a kawo Alƙur'ani in dafa. A wajenmu rantsuwa kan ƙasa ba abin wasa ba ce. Mutum yana yin alwala, liman ya kai Alƙur'ani har gonar, ya tsaya a inda ya ce iyaka ce ya dafa. Daga nan magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita. Amma kowa ya yarda cewa wanda ya rantse a kan ƙasar da ba tasa ba, shi da gidansa ba su ganin da kyau. In kuma na rantse, abin da ya rage na burtalin ko saniya uku ba sa jerawa a cikinsa, ke nan abokina sai ya kwashe iyalinsa da garkensa ya bar wurin da aka haife shi.

Sai na ji abokin nawa ya ce da maigari, "Ranka ya daɗe, kar a bari ya rantse. Na gwammace in tashi."

Ni kuwa da wautata na ɗauka tsoro ne ya kama shi. Maigari ya ce to, ranar Juma'a bayan an sauko. A gida matata ta ce, "Malam, ka tabbata kuwa? Shekara goma sha biyu fa ba ka nan." Na ce, "Ke kin fi ni sanin gonar ubana ne?" Ta ɗauki turminta ta yi gaba.

Ashe maigari bai zauna haka nan ba. Ya aika Gidan Rumji wurin buro, wato ofishin da ke kula da filaye da burtalai. Ranar Juma'a da hantsi sai ga mota ta tsaya ƙofar gidansa, wata ma'aikaciya ta fito da odinatar, wato kwamfuta, a jaka da wata 'yar na'ura kamar salula. Aka kira mu. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta zo da hotunan ƙasarmu waɗanda tauraron ɗan adam ya ɗauka daga sama, na yanzu da na shekarun baya.

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Malama, wannan tauraron naku ya taɓa riƙe sungumi? Shi zai gaya mini gonar ubana?"

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, bai taɓa riƙewa ba. Amma ya daɗe yana wucewa ta bisa kanku yana ɗaukar hoto, kuma ba shi da gona a garin nan, ba shi da saniya."

Dattawa suka kwashe da dariya, ni na ɗaure fuska. Wani ya tambaye ta ko irin wanda ake cewa soja suna aiki da shi ne. Ta ce irinsa ne. Ta ce na'urori ne da ake harbawa can sama suna kewaya duniya. Da wasu soja ke duba dazuzzuka da kan iyaka su ga motsin ɓarayin daji, da wasu ake ganin hadari tun yana nesa a faɗa a rediyo, da wasu ake laluben ruwa da ma'adinai, wasu kuma an tura su har wata da gaba da wata. Ta ce, "Namu aikin ƙarami ne, hanyar shanu kawai muke nema."

Ta buɗe odinatar. Da farko ban ga komai ba sai ɗige-ɗige. Ta sa yatsa ta ce ga masallacinku, ga tabki. Sai abin ya waye mini, na ga garinmu kamar yadda shaho ke ganinsa. Ga gonata, ga gawo ɗaya a bakinta, ga burtali siriri kamar zare. Na ce, "Yauwa! Kun gani ko? Ga gawon nan." Ta ce in dakata, ta kawo tsohon hoton, wanda aka ɗauka ina can ci-rani.

Jama'a, burtali ne shimfiɗe, fari fat, mai faɗin da garke guda zai bi a sake. A bakinsa ga wani babban gawo mai faɗin kai. A can tsakiyar hanyar kuma ga wani ɗan ɗigo, shi ne gawon da nake tinƙaho da shi. Kusa da babban sai na ga wani ɗan abu mai kusurwa huɗu. Ba sai an gaya mini ba, rumfar mahaifina ce. Ranar da aka ɗauki hoton nan tsohon yana raye, wataƙila ma yana zaune a ƙarƙashinta. Amma taurin kai bai sake ni ba. Na ce hoto ai hoto ne, a je gona a nuna mini a ƙasa.

Muka ɗunguma. Liman ma yana ciki, Alƙur'ani na cikin gafaka a kafaɗarsa. Ma'aikaciyar ta riƙe 'yar na'urar tana dubawa tana tafiya, ta ce taurarin ne ke gaya mata inda ƙafarta take. Ta wuce gawona ko kallonsa ba ta yi ba, ta kutsa cikin gerona, ta yi ta tafiya har na fara cewa ta ɓata. Ta tsaya ta ce, "A nan ne, ko kusa da nan." Ba komai a wurin sai yashi da gero. Na karɓi hauya na ce ni da kaina zan tona, don in kunyata su.

Ramin farko ba komai. Na ɗago ina murmushi. Ta ce in ɗan matsa arewa taki biyu. Na tona har gwiwar hannu, sai hauya ta yi ƙum. Na share yashi da hannu, ga kututture baƙi, gara ta ci rabinsa, faɗinsa ya fi faifai biyu. Ina cikin sharewa yatsana ya taɓa wani abu mai sanyi. Na jawo, sai ga zoben ƙarfe duk tsatsa, wanda mahaifina ya kafa a jikin saiwa yana ɗaure jakinsa. Ni nake kwance igiyar daga jikinsa kullum da la'asar.

Na zauna daɓas a cikin ramin. Na dubi gafakar da ke kafaɗar liman, na tuna saura 'yan sa'o'i in dafa ta. Ni da ban taɓa kuka a gaban maza ba, ranar na yi, har da shessheƙa. Sai a lokacin wani dattijo ya buɗe baki ya ce ai iska ce ta kayar da babban gawon wata damina ina can, aka sassare shi aka yi itace. Na ce, "Baba, da kun sani kuka bar ni?" Ya sunkuyar da kai. Shi ma gonarsa a bakin burtalin take.

Abokina ne ya miƙo mini hannu ya ce, "Tashi, aboki, an kusa kiran salla." Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini don Allah, ya sako shanunsa su cinye duk geron da ke kan hanyarsu. Ya ce, "A'a, hatsi ba shi da laifi. Ka buɗe mana inda za mu wuce, sauran ka girbe abinka, baɗi ka bar mana hanyarmu." Da muka zo wucewa ta gindin ƙaramin gawon ya dafa shi ya ce, "Wannan ma ai namu ne. Shanu ke cin 'ya'yan gawo, a cikin kashinsu yake tsirowa." Na ce, "To ka kwashe abinka." A nan muka yi dariyar farko.

Bayan an sauko Juma'a, maimakon rantsuwa, ni da shi muka buɗe hanya. Ganin haka sauran masu gona kunya ta kama su. Da rani ma'aikaciyar ta dawo, aka bi burtalin daga bakin gari har tabki da 'yar na'urarta, aka kakkafa ginshiƙan siminti. Ba kowa ya ji daɗi ba, wani ma wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Amma rugar abokina tana nan inda take, shanunsa suna kwana a gonata, kuma gonar da ta ragu ba ta taɓa barin mu da yunwa ba. 'Yata ta biyu da na so in cire daga lakol, wato makarantar boko, na bar ta, yanzu ita ke cewa irin aikin matar nan za ta yi.

Zoben ƙarfen yana rataye a ɗakina. In gardama ta taso mini na fara cewa wallahi, sai matata ta ɗaga ido ta dube shi, ni kuma in haɗiye sauran. Abin da na koya shi ne, ranar nan ba ƙarya na yi niyyar yi ba, da zuciya ɗaya na yarda da abin da nake faɗa, kuma da shi zan hallaka kaina in kori abokina. Tun daga ranar, komai tabbacin da nake ji a raina, in wani ya ce mini in dakata a duba, ina dakatawa a duba.