Maganin Dundumi

Idan ka tambayi Abdulghaffar nisan wani gari, kada ka sa ran jin kilomita, don shi da salla yake awon hanya. Daga Jidda zuwa Makka, in ji shi, ka yi La'asar a gida, ka isa ba a kira Magariba ba. Madina kuwa salla biyu ce, uku in fasinjojinka tsofaffi ne masu yawan neman banɗaki. Haka ya ji mahaifinsa yana lissafi, shi kuma ya gada wajen kakan da ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya sauke farali, ya ga wuri ya yi zamansa. A Jidda aka haifi Abdulghaffar, a nan ya yi furfura, a wani gida mai hawa biyu a unguwar Madain Fahd. Maƙwabta na kiransa Abu Fawaz, matarsa Mastura kuwa Alhaji take ce masa.

Sama da shekara talatin yana jan bas ɗin alhazai da masu Umara. Ya ɗauki mutanen Indonesiya, ya ɗauki na Turkiyya, ya ɗauki 'yan uwansa Hausawa da ke mamakin jin direba da jan ƙyalle a ka yana ce musu sannu da hanya. Bai taɓa buge ko akuya ba, kuma ba ya gajiya da faɗin hakan. Sai dai aikin ya cinye masa abu guda, wato yammacinsa. Jiragen alhazai da dare suke son sauka, alhazan kuma da sanyin dare suke son tafiya.

A Jidda kuwa duk mai hankali ba ya fita shan iska da rana. Sai an sallame Magariba gari ke farkawa, iyalai su ɗauki darduma da filas ɗin shayi su nufi Kurnish, bakin teku. Satin da aka kawo Mastura, ta ce tana son ganin wurin. Ango ya bugi ƙirji ya ce, "Ki shirya, bayan Magariba zan fita da ke." Ta shirya, ta dafa shayi da na'ana'a, ta zauna da mayafinta. Ana sallame salla aka aiko jirgi ya sauka. Tun daga ranar maganar ta zama kayan gida kamar tabarma. Yakan faɗe ta da zuciya ɗaya, ita kuma ta amsa da "Allah ya kai mu" ba tare da ta ɗaga kai daga ɗinkinta ba. Ba ta taɓa yi masa gori ba, wannan ne ma ya fi damunsa.

Da ya ajiye aiki ya ce to, yanzu lokaci ya samu. Ashe ido ne zai ba shi kunya. Wata rana yana dawowa daga unguwar Waziriyya da almuru, sai fitilun motoci suka baje masa, gefen titi ya ɓace. Ya lallaɓa ya faka, ya daɗe riƙe da sitiyari, kafin ya kira autarsa Tahani ta zo ta ja shi gida. Likita ya duba ya ce da rana idonsa garau yake, amma da zarar rana ta faɗi, mota ba tasa ba ce. Ya faɗi wani dogon suna da Larabci. Mastura ta saurara har ya gama, a hanya ta ce, "Duk wannan zagaye-zagaye, ai dundumi ne." Ta tuna kakarta da gasasshiyar hanta take maganinsa, ta dinga ɗirka wa Alhaji hanta safe da yamma har ya zamana ko warinta ya ji sai ya bar falo. Dundumi dai bai ko gezau ba.

Tahani ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Uban ne ya koya mata tuƙi shekarar da aka bar mata su riƙe sitiyari, kuma a ɓoye yana alfahari da yadda take shan kwana. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci, ciwon uban nata ma "dumdumi" take ce masa. Ita ta riƙa kai uwar Kurnish ranar Juma'a. Kullum Mastura baya take shiga.

"Ya Ummi, ni sawwag ce, direban haya? Ki dawo gaba mana!"

"Gwiwata ta fi sakewa a baya," in ji Mastura.

Abdulghaffar ba ya bin su. Yakan ce akwai karatu a masallaci. Gaskiyar magana ita ce ba zai iya zama a kujerar fasinja yana kallo wani ya cika masa alkawarinsa ba, ko da kuwa 'yar cikinsa ce. Abin yana ci masa rai ƙwarai, bai dai faɗa wa kowa ba.

Ana nan sai wata abokiyar aikin Tahani ta dawo hutu daga ƙasar Norway, wadda mutanen Jidda ke kira Nurwij, ta nuna mata hotunan duwatsu da ruwa da jajayen gidaje. Tahani ta zo gida ta ce khalas, bana in zafi ya tsananta can za su, su uku, 'yan kwanaki kaɗan. Za su sauka a arewacin ƙasar, su yi hayar mota, su bi bakin teku a hankali. Mastura ta ce ita sanyi take tsoro. Abdulghaffar bai ji komai a zancen ba sai kalmar mota.

Washegari ya sa aka buga masa taswirar ƙasar a babbar takarda a unguwar Bagdadiyya, don shi bai yarda da hanyar da ke cikin waya ba, wadda in ka taɓa ta sai ta gudu. Ya shimfiɗa ta a tsakar falo, ya danne kusurwoyin da kofunan shayi, ya sa tabarau. Tahani ta nuna masa inda ta tsara za su bi kowace rana. Ya girgiza kai.

"Wannan ya yi tsawo. Daga nan zuwa nan salla nawa ce?"

"Abuya, ban sani ba wallahi. Awa huɗu, yimkin, wataƙila biyar."

"To a raba shi. Mu tashi bayan Asuba, mu yi Azahar a wannan gari, La'asar ta same mu a masauki. Kafin Magariba an kashe mota."

Haka ya bi tsarin yarinya yana datsewa. Tsibirin da take ɗokin gani ya ce a cire, wai Magariba za ta riske su a hanya. Wani ƙauyen masunta ma ya soke shi. Tahani ta ɗauka tsantsenin salla ne, ta ce ai matafiyi yana haɗa salloli. Ya ce shi za a gaya wa? Suka kwana biyu ana ja-in-ja, taswira na cika da jan biro. Sai a rana ta uku, da ta ce za ta aika wa kamfanin haya lasinta, ya yi gyaran murya, ya zaro nasa daga aljihu ya ajiye a kan taswirar.

Sai a lokacin ta gane. Ba salla yake gudu ba, duhu yake gudu, don so yake shi ya ja. Ta dubi lasin, ta dubi uban, tausayi ya kama ta.

"Abuya, hanyoyinsu akwai nafag da yawa, ramuka cikin dutse, sun fi na Makka tsawo. Dumdumi fa?"

"Dundumi," ya gyara mata. "Ramukan naki ne. Ni dai ki bar mini inda rana take."

Ta ce sai likita ya yarda. Likita ya sake dubawa ya ce maganarsa ba ta canja ba, muddin da hasken rana ya ja abinsa. Abdulghaffar ya dawo gida da fara'a, amma can ƙasan zuciyarsa ya san rabin abin ya samu. Zai ja Mastura, i, amma da rana tsaka, kamar mai kai ta asibiti. Wancan alkawari na bayan Magariba ya riga ya sallama shi.

Ana saura mako biyu tafiya, Tahani ta dawo daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi, rigunan sanyi da safa da takalma. Mastura tana zazzagewa a falo sai ta ci karo da wasu baƙaƙen ƙyallaye guda uku masu igiyar roba. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu.

"Wannan kuma fa? Niƙabin 'yar tsana?"

"Na rufe ido ne, Ummi, don barci. Can a wannan wata shams ba ta faɗuwa."

Abdulghaffar, da ke duƙe kan taswira, ya ɗago. "Me ba ta yi?"

"Rana. Ba ta faɗuwa, Abuya. Tana sauka kusa da ruwa, ta yi kamar za ta shiga, sai ta sake hawa. Ai na ɗauka ka sani."

Ya ce ta daina wasa da manya. Ta nuna masa hoton da abokiyarta ta ɗauka, mutane na shan kofi a waje, rana jawur a kan teku, agogon wayar na cewa sha biyun dare. Ya ce ai yanzu hoto ba shaida ba ne. Mutumin da ya yi shekara sittin da ɗoriya yana ganin rana na faɗawa Bahar Maliya a kan lokacinta, ba a rana ɗaya za ka ce masa akwai inda take ƙin faɗuwa ya yarda ba. Kuma abin da ya fara zuwa masa ba murna ba ce, tsoro ne. Ƙasar da babu Magariba, yaya ake salla a cikinta? Duk jan biron da ya yi a taswira ya tashi a banza, ma'auninsa na hanya ya karye.

Bai iya cin abincin kirki ba. Da aka idar da La'asar ya tsaya har mutane suka watse, ya matsa kusa da liman, Shaikh Mahadi, wani dattijo ɗan asalin Chadi mai son raha. Ya zayyana masa komai, yana sa ran a ce masa yarinta ce. Liman ya yi murmushi ya ce gaskiya ne, ikon Allah ya fi haka, kuma akwai Musulmi a can suna sallarsu biyar ba fashi. Malamai sun ce a irin wannan wuri a ƙaddara lokaci, ko a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko a bi lokutan Makka.

"Lokutan Makka?" in ji Abdulghaffar.

"Su fa. Kai da ka yi rayuwarka a hanyar Makka, ai ko agogo ba ka buƙata, ya Abu Fawaz. Cikinka ma zai gaya maka."

"To, Shaikh, in na yi Magariba a can, na sallame, na fito waje..."

"Ka tarar da rana tana jiranka."

Abdulghaffar ya sake maimaita maganar a ransa, a hankali, kamar mai ƙirga canjin da bai yarda an ba shi daidai ba. Ya yi Magariba. Ya sallame. Ya fito. Ga rana. Ya yi sauri ya yi sallama kada liman ya ga idonsa. A hanyar gida har ya wuce ƙofarsu bai sani ba, sai da mai kantin kusa ya kira shi.

Ya shiga ya tarar da Tahani tana shirin naɗe taswira. Ya ce ta dakata. Ya karɓi biro, ya mayar da tsibirin da ya cire, ya mayar da ƙauyen masunta, ya ce ta yi haƙuri da ɓarnar da ya yi mata. Sannan ya sa yatsa a kan wata siririyar hanya da ke bin gaɓar tsibirin, ruwa a hagu, dutse a dama.

"Nan akwai rami?"

Ta duba a waya. "Babu, Abuya."

"To wannan tawa ce. Ke ki zauna a masauki ki huta, ki sa ƙyallenki."

Tahani ta dubi fuskarsa, ta ce to.

Mastura na zaune a inda ta saba, kusa da taga, tana rage tsawon hannun rigar sanyin da aka sayo mata. Ya je ya tsaya a gabanta, yana gyara zaman hularsa kamar saurayi. Sau nawa ya faɗi wannan magana a gidan nan, shi kansa bai sani ba.

"Hajiya, in mun je can, ki shirya. Bayan Magariba zan fita da ke."

Ya jira "Allah ya kai mu." Ba ta zo ba. Mastura ta soke allurar a jikin rigar, ta ajiye ta gefe, ta ɗago ta dube shi sosai.

"Tahani, a sa filas a cikin kaya, da na'ana'a," ta ce. "Kuma ni gaba zan zauna."

"Gaba, Ummi? Gwiwar fa?"

"Gwiwata lafiyarta lau," in ji Mastura. "Direbana nake jira."