Ƙullin Shayi Ɗaya, Kofi Uku

A ofishin kasafin kuɗi na jiharmu, nan kudancin Masar, ga wani siririn jami'i mai furfura, allon teburinsa ya ce Ustaz Sabri. Fanka a kashe take, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mu uku muka zo daga ƙauye, kan ɗakin haihuwa na asibitinmu da aka dakatar da gininsa.

Baƙo ba ya zama babu shayi, ko a ofishin gwamnati. Shi kuwa ƙulli ɗaya yake tsomawa a kofi uku, a hankali, yana duba ko muna kallo.

"Haƙuri, ya Hajji," ya ce da dattijonmu. "Darajar fam ta faɗi, an ce kowa ya tsuke bakin aljihu."

"Wannan shayi ne ko ruwan alwala, ya Basha?" in ji dattijon, yana kiransa da laƙabin manya.

Bai yi dariya ba. Ni takalminsa nake leƙe ta ƙarƙashin tebur. Faci biyu na gani. Wataƙila na zaman ofis ne, mai tsadar yana cikin mota. Fatana ke nan ma. Mai wasan kwaikwayon babu ana iya shawo kansa. In kuwa da gaske yake, bana ma a bayan mota matanmu za su haihu.