Ƙafar Baba Kanar

Har gobe ban manta da wata Talata ba, a shekarata ta biyu ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. An tura ni Tompkinsville, nan ƙasar Turawa, wurin wani Bature, kanar ɗin sojan sama mai ritaya. Yana cikin na farko-farkon da suka riƙa sauke jirgi a kan ƙanƙara can ƙarshen duniya ta kudu. Baba nake ce masa, yana kuwa jin daɗin sunan.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, mai ciwon sukari kullum da safe sai ka duba ƙafafunsa. In ka ga canji, nan take ka kira nas ɗin da ke samanka. Ranar nan na cire masa safa, sai ga baƙi-baƙi a babban yatsa.

Ya ce, "Lami, ba komai ba ne. Kada ki kira kowa, gidan tsofaffi za su kai ni."

Ni da aka rena a Zonkwa, ina ni ina musu da sa'an kakana? Na ce, "To, Baba." Kwana huɗu ina cewa to, baƙin yana hawa. Ran Asabar na ji wari, tsoro ya kama ni, na fita baranda na kira nas. Faɗan da ta yi mini kam na cancanta. Har aka sa shi a motar asibiti bai dube ni ba.

Yatsan ya tafi, amma likita ya ceto ƙafar. Da na je dubiya, sai ya nuna mini kujera.

Ya ce wata rana yana shirin sauka a ƙanƙara, mataimakinsa, wani ƙaramin hafsa, ya lura ba a rarrabe sama da ƙasa don fari. Ya ji nauyin gyara wa babba, ya yi shiru. Jirgin ya daki tudu. Shi Baba ya fita da rai, mataimakin bai fita ba.

"Shekara sittin ina jin haushin shirunsa," in ji shi. "Sai ga shi ni da bakina na sa ki shiru. Ashe shi ma ni na koya masa."

Hawaye kawai nake yi.

Ku sababbi a wannan aiki, ladabinmu abu ne mai kyau, kada ku yar. Amma ni na san abin da "to" ɗina ya ci. Shekara uku na ƙara ina sa masa safa, kullum ina ganin gurbin yatsan nan.