Hoton Bijimin Malam Ilu

Ni haifaffen Dutsin-Ma ne, a nan na yi firamare da sakandare. Mahaifina manomi ne, gero da wake yake nomawa a wajen Karofi, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa jin ya ɗauki tsinken wani ba. Ni ma a kan haka na taso. Ban taɓa fasa shago ba, ban taɓa zura hannu a aljihun kowa ba, ko faɗa ba na iyawa saboda tsoro. Abu ɗaya na iya, taɓa waya. Da na gama makaranta yayana ya kafa mini rumfa kusa da tasha, ya saya mini ƙaramin janareta, na shiga cajin wayoyi da liƙa gilashi da zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. Mutane suka sa mini suna Injiniya. Ina amsawa da fara'a, alhali ilimina na waya bai wuce a danna nan ba, in ta ƙi a kashe a kunna.

'Yan'uwana matasa, ku nake rubuta wa wannan. Zan faɗa muku yadda na tafi gidan yari, ko da yake har gobe akwai wuraren da ni kaina ban gane yadda aka yi ba.

Kun san in mutum ya sayi sabuwar babbar waya, ba ta sakewa sai an sa mata imel. Mutanen ƙauye ba su da shi, don haka wurina suke kawowa. Da farko ina buɗe wa kowa nasa. Amma ranar kasuwa layi yakan yi tsawo, sabis ya yi ta jan ƙafa, wanda na buɗe wa jiya kuma ya dawo yau ya ce ya manta lambar sirri. Wata rana na gaji, na zuba imel ɗina a wayar wani mai sayar da kifi daga Zobe. Wayar ta buɗe, ya biya ni, ya tafi yana sa mini albarka. Daga ranar duk wanda ya kawo sabuwar waya nawa nake sa masa. Wallahi lalaci ne ya fara kai ni, ban yi da wata manufa ba.

Ina da ɗan akwatin wayfai mai ba da intanet a rumfa, kuma duk wayar da na saita ta san shi. In mai ita ya dawo caji, sai ta kama da kanta. Ban san tana wani aiki a ɓoye ba, sai ran da wayata ta ce mini ma'ajiya ta cika. Na buɗe wata manhajar hotuna da ban saba shiga ba, sai na ga jama'a. Ga taron suna na mutanen da ban sani ba, ga kifi a kwando, ga katin shaidar wani, ga wata mata tana gwada sabon ɗinki a ɗakinta ba ɗankwali. Na ajiye wayar na yi ta a'uziyya, don na ɗauka wani ne ya yi mini kutse ko kuma wayar ta samu matsalar da ba ta asibiti ba.

Akwai wani ɗalibin jami'a, Sande, ɗan kudu ne amma Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Da ya zo caji na nuna masa. Ya tambaye ni waya nawa na sa wa imel ɗin nan, na ce ban ƙirga ba. Ya dafe kai ya ce, "Injiniya, ka kashe mutane. Duk hoton da suka ɗauka yana hawa kilawud ɗinka." Na ce mene ne kuma kilawud? Ya ce girgije ke nan da Turanci. Na leƙa waje na dubi sama, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce wata babbar na'ura ce a wata ƙasa mai nisa, can ake ajiye wa mutane kayansu. Na ce to in suna can, me suke yi a wayata? Ya ce ai ba a wayata suke ba, gani kawai nake yi. Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Ya ce in cire imel ɗina daga wayoyin mutane tun wuri, na ce masa in sha Allahu gobe.

Ban cire ba. Abin da na yi ma, kuɗi na biya aka ƙara mini wuri. Kallon ya yi mini daɗi, wannan ita ce gaskiya. In kasuwa ta lafa sai in kishingiɗa a benci in yi ta leƙen gidajen mutane. Mutum ya zo ya gaishe ni, ni kuwa na san abin da aka dafa a gidansa. Nakan ce wa kaina ai ban ɗauki komai ba, ido ne kawai.

Cikin waɗanda na saita wa waya akwai Malam Ilu, wani dattijo daga Ɗantutture ta ƙasar Kurfi, mai kiwon bijimai a turke. Ran da ya kawo wayar ya ce mini, "Injiniya, ka gwada mani inda ake ɗaukar hoto. Ɗana na Legas shina son in riƙa aika mashi bisashena shi gwada ma masu saye." Na nuna masa. Tun daga nan kusan duk ranar kasuwa sai ya bar wayar a rumfata, hotunan kuma su hau. Akwai wani farin bijimi mai ƙaton tozo, Malam Ilu na tsaye gefensa da malafa, riƙe da igiya, yana murmushi. Duk wanda ya ga fuskar nan ya san mutumin kirki ne.

Babbar Sallah ta ƙarato, ina ganin yadda mutane ke tallar dabbobi a zaurukan waya, masu saye daga Abuja da Legas suna tura kafin alƙalami. Sai zuciya ta ce mini, gwada mana, wasa ne. Na ɗauki wani tsohon layi da aka manta a rumfata, na buɗe asusun waya da shi, na sa hoton nan, na rubuta Alhaji Ilu mai shanu. Kafin la'asar wani ya kira. Na kauraro murya irin ta dattawa, muka yi ciniki, ya turo rabi, na ce mota za ta taso jibi. Kuɗin suka shigo. Na yi niyyar in mayar, na rantse na yi niyya. Amma kafin in gama niyyar wani ya sake kira.

Bijimin nan ɗaya na sayar wa mutane da yawa, shi kuwa yana can Ɗantutture yana cin dusarsa. Duk wanda ya turo, sai in ɗauki hoton saƙon banki in ajiye don kada lissafi ya rikice mini. Na ɗinka shadda, na sayi hula da agogo, na yi ta ɗaukar kaina hoto a gaban rumfa. Mahaifiyata ta tambaye ni ko caji ne ke kawo wannan, na ce mata harkar intanet ce, ba za ta gane ba. Ta ce Allah ya sa halal ce. Ban amsa da ƙarfi ba.

Bayan Sallah waɗanda suka yi ta jiran mota suka farga. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki hoton Malam Ilu, ya rubuta ɗan damfara da jan rubutu a kai, ya saki. Cikin 'yan kwanaki ya zagaya zauruka har ya iso Dutsin-Ma. A rumfata ma an nuna mini shi, na ce, "Kai, duniya!" tare da kowa. Ranar kasuwa 'yan sanda suka ɗauke dattijon a kara, inda ake cinikin shanu, a gaban abokan cinikinsa.

Tsoro ya kama ni. Na karya layin na jefa a kwata, na shiga wayata na goge duk hotunan saƙon banki, na duba na ga babu ko ɗaya. Na yi ajiyar zuciya. Na san wani bawan Allah na kulle a kan laifina, kuma na ci gaba da buɗe rumfa ina cajin wayoyi. Cikin duk abin da na aikata, wannan shirun ne ya fi ci mini rai har yanzu.

Abin da ya faru a ofishin 'yan sanda daga baya na ji shi, a kotu. Sun buɗe wayar Malam Ilu, suka shiga manhajar nan ta hotuna, sai ga hotunan saƙon banki reras, waɗanda na goge da hannuna. Suka ce ga shaida. Dattijon ya yi ta rantsuwa cewa bai san yadda suka shiga ba, ko karanta su ba ya iyawa. Ba wanda ya yarda. Sai 'yarsa Rabi, wadda ke aure a Dutsin-Ma, ta roƙa a ba ta wayar ta gani. Ta yi ta ja sama, ta ga kifin Zobe, ta ga sunan 'ya'yan wasu, ta ce waɗannan ba danginsu ba ne. Sai ga wani saurayi cikin sabuwar shadda a tsakiyar saƙonnin banki, yana murmushi. Ta ce, "Baba, wannan ba mai cajin tasha ba ne? Mi ya kawo shi cikin wayarka?" Ɗan sandan ya duba saman manhajar, ya ga imel ɗin, da sunana da na mahaifina a jiki.

Ni duk zamana na ɗauka taga ce nake leƙen mutane ta ciki. Ban taɓa kawowa a raina cewa hotunana ma suna hawa ba, kuma duk wayar da na sa wa imel ɗin za ta iya ganina. Da 'yan sanda suka zo rumfa da rana tsaka suka nuna mini, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai na goge su." Ɗan sandan ya ce na gode, ka rage mana aiki. A mota na tambaye shi yadda abin da aka goge yake dawowa. Ya ce na goge na cikin waya ne, na sama yana nan. Na ce wane saman? Ya ce in rufe masa baki.

Aka saki Malam Ilu, alƙali ya yanke mini ɗauri. Ba zan ba ku labarin gidan yari da tsawo ba. Wuri ne da rana ba ta tafiya, ga ƙaiƙayi, ga kewar gida. Mahaifiyata ta zo sau ɗaya, ta zauna, kuka kawai ta yi ta tafi. A can na koma ga salla a kan lokaci, na sake ɗaukar karatun da na watsar, na roƙi Allah gafara. Kuma na ƙudura cewa in na fito, kafin komai zan je Ɗantutture.

Da wa'adina ya cika aka sallame ni, na hau babur na tafi. Na iske Malam Ilu a ƙofar gida yana gyaran igiya. Turakunsa duk babu komai sai wasu raguna. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne. Na zo ka yafe mini."

Ya dube ni ya ce, "Na yahe maka tun kana can, ɗan nan. Ni ma ina son Allah shi yahe mani." Na fashe da kuka. Ya bari na gama, sai ya ce, "Amma akwai abin da nika so ka yi mani. Hoton nan. Ɗana ya ce ya sake gani nai a Legas, da jan rubutun. Duk shekara in Salla ta matso sai ya taso. Mutanen nesa sun bar saye wurina, na kusa ma sai sun yi ta dube-dube. Jikata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an gwada mata kakanta. Kai ka sa ni ciki, to ka hidda ni. An ce kai injiniya ne."

Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

Ya ce, "To wa zai iya? A gwada mani ofishinsu in tahi da ƙafata."

Na yi ƙoƙarin in yi masa bayanin da Sande ya yi mini, na ga ni ma ban riƙe shi ba. Imel ɗin nan an rufe shi tun ina tsare, amma hoton ya riga ya shiga wayoyin mutanen da ban san su ba, ban san garuruwansu ba. Ya saurare ni har na yi shiru, sai ya ce to Allah ya kyauta, ya sa aka kawo mini fura. Na sha ne kawai don kunya.

Yanzu ina taya yayana noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe, wayata kuma 'yar ƙarama ce mai maɓalli. Ku da kuke riƙe da manya, ku ji daga bakin wanda ya ɓata. In kun sayi waya, ku buɗe imel ɗinku da kanku, in ma wani zai taya ku to ku tsaya a kansa, ku canza lambar sirrin da zarar kun bar wurin. Yau ɗin nan ku duba wayar iyayenku da ta kakanninku ku ga sunan wa ke ciki, don masu lalaci irin nawa suna nan a kowace tasha. Kada ku yarda da fuska a hoto har ku tura kuɗi. In kuma sirrin wani ya faɗo hannunku, ku rufe, kada ku ce kallo ne kawai. Ni ma da kallo na fara.

Sai roƙo ɗaya. Salla na tafe, kuma na san hoton zai sake tasowa. In ya iso wayarku, dattijo da malafa riƙe da igiyar farin bijimi, an rubuta ɗan damfara da ja a kansa, don girman Allah kada ku tura wa kowa. Ku gaya wa wanda ya turo muku cewa mutumin nan bai ci kuɗin kowa ba. Ni na ci.