Tarihin Malam Is'haƙa Na'Allah, Mai Awon Ruwan Sama na Tsamaye

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Is'haƙa Na'Allah a garin Tozai cikin ƙasar Isa a shekarar 1961, ko da yake takardar makarantarsa ta nuna 1963, shi kansa kuma bai taɓa tantance wadda ta inganta ba. Mahaifinsa Malam Nasiruddeen bafatake ne mai kai kaya kasuwannin Nijar, mahaifiyarsa kuwa Tasalla, 'yar gidan manoma ce na Gatawa.

Neman Ilimi

Ya fara karatun Alƙur'ani wajen kawunsa, sannan aka sa shi firamare a Isa a 1969. A 1980 ya samu gurbi a wata makarantar koyon aikin gona, inda ya yi shekara biyu yana nazarin kiwon dabbobi, fannin da ƙaddara ba ta ba shi damar aiki da shi ba ko na yini guda.

Aiki

A watan Afrilun 1986 wani shirin bunƙasa noma ya kafa tashar awon yanayi a bayan garin Tsamaye, aka ɗauke shi mai kula da ita bayan horon kwana uku. Kowace safiya da ƙarfe bakwai yakan auna ruwan da ya taru a ma'auni, ya duba ma'aunin zafi, ya rubuta lambobin a littafi. Ran Asabar yakan wanke mazurarin ma'aunin ruwan, ya fasa gidan zanzaro idan sun gina a ciki, ya sa mai a ƙarfen da iska ke juyawa, ya nome ciyawa, ya ɗaure shinge saboda awaki. A ƙarshen kowane wata yana aika kwafin lambobin Sakkwato.

Manoma ba su fahimci haƙiƙanin aikin ba. Sukan zo tambayarsa ranar da ya dace a yi shukar gero, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: “Ni abin da ya sauka nika aunawa, wanda bai sauka ba na ga Allah.” Duk da haka, in shuka ta yi kyau sai su yi masa godiya, in ta ƙone su ƙaurace wa gaisuwarsa, lamarin da ya rasa dalilinsa tsawon rayuwarsa.

Aure da Zuri'a

A 1988 ya auri Malama Safiyatu, 'yar wani limami a Sabon Birni, suka zauna a Tsamaye, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya takwas, biyu daga cikinsu suka riga shi rasuwa.

Sauyin Na'ura

A 2014 wasu injiniyoyi biyu suka zo suka kafa dogon ƙarfe mai farantin sola, suka shaida masa cewa daga ranar na'urar za ta riƙa aika lambobin da kanta, aikinsa shi ne goge farantin da duba batir. Da ya tambayi inda lambobin ke zuwa, ɗaya ya ce Abuja, ɗayan ya ce Turai, suka tafi ba su daidaita ba. A 2017 ya je Sakkwato neman sabon batir, ya tarar ofishin shirin ya zama shagon ɗinki, kuma babu wanda ya san inda ma'aikatan suka koma. Ya dawo bai san ko an sallame shi ko yana kan aiki ba. Saboda babu takardar da ta ce ya daina, ya ci gaba da gogewa da rubutawa.

Jarrabawa

A watan Agustan 2021, da hantsi, 'yan bindiga suka same shi a tashar, suka tafi da shi daji bisa zargin cewa ƙarfen na sanar da sojoji motsinsu. Kwana goma sha ɗaya suna tambayarsa wanda yake aika wa saƙo, yana amsawa: “Wallahi wanga ƙarhe ruwa shika aunawa, ba mutane ba. Wanda ka karɓa kuwa, in kun gane shi, ku hwaɗa min, ni ma nemansa nika yi.” Suka sake shi ba tare da bayani ba, da raunin duka a ƙugu wanda bai warke ba. Shi da iyalansa suka ƙaura Sabon Birni, amma duk Asabar ɗin da hanya ta yi lafiya yakan hau babur ya je ya goge farantin, duk da roƙon da Malama Safiyatu ke yi masa.

Jinya da Rasuwa

Ciwon ƙugun ya kwantar da shi a farkon 2024, tashar ta yi wata biyu babu mai zuwa. Ranar 9 ga Maris saƙo ya shigo wayarsa da Turanci daga lambar da ba a sani ba, ana sanar da mai kula da tashar Tsamaye cewa bayanai sun daina isowa, ana roƙonsa ya duba farantin. Babban ɗansa Hamza ya fassara masa, ya kira lambar sau da yawa ba ta shiga ba. Malam Is'haƙa ya sa aka maimaita masa saƙon sau uku, sannan ya ce: “Ashe akwai mai dubawa. Ran Asabar za ni.”

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, daidai da farkon watan Ramadan 1445. Aka yi masa salla a ƙofar gidan da suke zaune, aka binne shi a maƙabartar Sabon Birni bayan la'asar. Ya bar matarsa Safiyatu da 'ya'ya shida: Hamza, Firdausi, Hafizullahi, Zulaihatu, Ikilima da Kamaluddeen, da jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa.